Bargar Hayar Dawaki a Birnin Kano: Abin da Na Gani a Matsayin Mai Haya Kuma Ɗan Sa Kai

Na yi shekaru ina kallon Hawan Daushe daga cikin 'yan kallo a Ƙofar Kudu, kamar yadda akasarin mutanen birnin nan suke yi, amma ban san nauyin aikin da ke bayan wannan ado ba sai a Ƙaramar Sallar shekarar 2023, lokacin da ɗan yayana, wanda yake da shekara 17 a lokacin, ya sami izinin shiga tawagar wani hakimi, aka kuma ɗora mini alhakin nemo masa doki da kayan hawa. Gidanmu ba gidan sarauta ba ne kuma ba mu da turke, saboda haka babu wata hanya sai haya. Bargar da aka nuna mini tana cikin ganuwa, tana bayar da hayar dawaki tare da kayansu, tana kuma karɓar 'yan sa kai da za su raka dawakin a ƙasa ranar hawa. Na biya kuɗin haya, sannan na rubuta sunana a cikin 'yan sa kai, domin hankalina ba zai kwanta ba in saki yaro a kan dabbar da bai saba da ita ba a tsakiyar dubban mutane. Ba zan ambaci sunan bargar ko na mai ita ba, saboda akwai abin da zan yaba akwai kuma abin da zan kushe, kuma mutuncin dattijo ya fi ƙarfin a sa sunansa a intanet ba da saninsa ba. Abin da nake fata shi ne wanda zai nemi irin wannan hidima ya san abin da zai duba da abin da zai tambaya.

Na je bargar a makon farko na azumi, domin an faɗa mini cewa duk dokin kirki ana kama shi tun kafin goman tsakiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin ana cikin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, amma Alhaji, mai bargar, ya karɓi kafin alƙalami ta hanyar tura kuɗi a waya ba tare da wata jayayya ba. Rabin kuɗin ake bayarwa a ranar ciniki, ragowar kuma da safiyar ranar hawa, sannan kuɗin doki daban ne da kuɗin kaya. Adadin da na biya ba zai amfani mai karatu a yau ba, tunda cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sauya farashin dawa da harawa da komai, amma a lokacin na zaga wasu wurare biyu, na kuma tarar farashin wannan barga ya ɗan ɗara nasu.

Abin da ya sa na amince da ƙarin kuɗin shi ne abin da idona ya gani a cikin bargar. Dawaki 14 na ƙirga, kusan dukkansu ingarmu, kowanne a turkensa, da tazara mai kyau tsakaninsu yadda wani ba zai kai wa wani cizo ko harbi ba. Ƙasan wurin rairayi ne da ake sharewa safe da yamma, kuma ban ji zarnin nan mai shiga ido da ake tarar da shi a inda aka bar fitsari ya kwanta ba. An naɗe igiyoyin dabaibayi da tsumma domin kada su yanke ƙafar doki, wanda ƙaramin abu ne a ido amma yana nuna cewa akwai mai lura. Abincinsu harawar wake ce da ta gyaɗa, da dawa, da dusa wadda ake dama musu da kanwa. Da na nemi in ga dokin ba tare da komai a bayansa ba, Alhaji bai ɓata rai ba, shi da kansa ya shafa gadon bayan dokin da tafin hannunsa ya ce in bi inda ya bi. Babu miki, babu kumburi, babu tabon majayi, wato ɗamarar da ake ɗaure sirdi da ita, a ƙarƙashin ciki. Wannan shi ne abu na farko da zan shawarci kowane mai haya ya yi, domin jalala mai kyau, wato mayafin ado na sirdi, tana iya rufe gyambon da zai sa doki ya yi turjiya ko ya ka da mahayi a tsakiyar taro. Ya kuma nuna mini littafin da likitan dabbobi yake rubuta ranakun allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki, har da rigakafin cutar sarƙewar haƙora, wadda ke saurin kama doki idan ƙusa ko ƙarfe ya soke shi.

Yaron namu akawal ya hango tun daga bakin ƙofa, baƙi wuluk mai tsayi, ya ce shi yake so. Alhaji ya tambaye shi sau nawa ya taɓa hawa, da ya ji amsar sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wannan ba naka ba ne bana. Ko babanka ya ninka kuɗin ba zan ba ka shi ba." Ya zaɓa masa wani bidi da ya haura shekara 10, wanda ya halarci hawa da yawa, ya saba da ƙarar bindiga da algaita da kakaki. Ya kuma gindaya sharaɗi cewa dole yaron ya zo kilisa, wato fita motsa doki, sau uku kafin Sallah, bayan sallar asuba, tare da ɗaya daga cikin yaran barga, domin doki ya san hannunsa shi ma ya san bakin doki. A ganina wannan ƙin da Alhaji ya yi shi ne mafi darajar abin da na saya da kuɗina, domin akawal ɗin ya fi tsada, kuma ɗan kasuwar da kuɗi kawai ke gabansa da shi zai tura mana.

Sashen da na fi son in tsaya a kansa shi ne horon 'yan sa kai, saboda shi ne abin da ya bambanta wannan barga da sauran da na sani. A tsarin fada akwai zagage, waɗanda aikinsu ne tafiya a gaban dokin sarki ko na basarake, kuma wannan matsayi ne mai asali da ƙa'idojinsa. Mu ba zagage ba ne, masu rakiya ne kawai, matasan unguwa da 'yan uwan mahaya da masu sha'awar doki da ba su da halin mallakarsa. Mu 20 ne a waccan shekara, kuma an damƙa mu a hannun wani dattijo da kowa yake kira Baba, wanda ya fara aikin barga tun zamanin marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014. Baba ya tara mu sau biyu a goman ƙarshe na azumi bayan sallar asham, kuma bai yi mana lacca ba, doki ya fito da shi ya sa kowa ya gwada.

Ya koya mana cewa ana tunkarar doki ne ta wajen kafaɗarsa ta hagu, ana yi masa magana tun daga nesa, domin idanunsa a gefen kai suke, ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko daf da goshinsa, kuma abin da ya taɓa shi daga inda ba ya gani shi yake harbi. Ya hana mu naɗe ragama a hannu, ya nuna mana yatsansa guda da ya lanƙwashe tun yana saurayi sakamakon doki ya zabura da igiya a naɗe a hannunsa. Ya ce mu riƙa kallon kunnuwa, domin idan doki ya kwantar da su baya to gargaɗi yake yi. Ya nuna mana yadda doki yake kumbura ciki lokacin da ake ɗaure majayi, ya sake shi bayan an yi 'yar tafiya, wanda ke sa sirdi ya yi sako-sako, saboda haka dole a sake duba majayi bayan an fita da kuma duk inda aka tsaya, a tabbatar yatsu biyu suna shiga amma hannu ba ya shiga. Ya koya mana yadda ake tsunkular fatar wuyan doki a saki: idan ta koma nan take to jikinsa da ruwa, idan ta tsaya a tattare to ƙishirwa ta ci shi. Ya kuma faɗa mana alamomin ciwon ciki, wato doki ya riƙa tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen kwiɓinsa, yana neman kwanciya ya yi birgima. Doki ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki yake kashe shi, shi ya sa kuma a wannan barga ba a cika masa ciki da hatsi daf da hawa. Duk wannan horo kyauta aka ba mu, kuma ni da na kai shekara 40 ina ganin dawaki a titi ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba.

Game da kaya kuwa, hukuncina ya rabu biyu. Sirdin da aka ɗaura wa bidin ya zauna daidai a bayansa, an shimfiɗa zubka mai kauri a ƙarƙashinsa, majayin sabo ne, likkafun kuma an daidaita tsawonsu da ƙafar yaron tun a lokacin kilisa. Yawancin kayan daga Kasuwar Kurmi aka saye su, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, inda har yau masu sirdi da dukawa suke aikin hannu. Abin da ya shafi lafiyar doki da amincin mahayi ban sami aibi a cikinsa ba. Na lura musamman da linzami. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da kaifin hukunci, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yana iya fasa bakin doki, shi ya sa a wajen hawa akan ga kumfar bakin wasu dawaki ta koma ja. Baba ya zaɓi mafi sauƙi daga cikin linzaman da suke da su ya sa wa bidin, ya kuma sha nanata wa yaron cewa kamazuru, wato igiyar linzami, ba abin riƙo ba ne idan mutum ya ji zai faɗi. Da muka dawo da dare na duba bakin dokin da fitilar waya, babu jini.

Inda aka saɓa mini alkawari shi ne a kayan ado. Ranar ciniki an nuna mini jalala sabuwa mai aikin zare, da ɗan ƙirji da ɗan kai masu launin da ya dace da ankon tawagar da yaron zai shiga, na kuma biya kuɗinsu a kan haka. Ranar hawa sai na tarar an ɗaura wata jalala da ta koɗe, ɗan ƙirjin kuma launinsa ya saɓa da na sauran tawagar. Da na yi magana, sai babban yaron Alhaji ya ce mini wani mai haya ya riga ya fita da waɗancan tun da hantsi. Na fahimci abin da ya faru: kaya ɗaya aka nuna wa mutum biyu, wanda ya riga zuwa ya ɗauka. Babu wanda ya rubuta wane kaya ne na wane, komai a ka ake riƙe shi, kuma a ranar da dawaki 14 za su fita a lokaci guda, kai ba ya iya riƙe wannan. Yaron ya yi haƙuri, amma na ga yadda fuskarsa ta sauya, domin matashin da ya yi wata guda yana jiran wannan rana ya san cewa hoton da za a ɗauka shi ne zai rage masa. Daga baya Alhaji ya ba ni haƙuri ya kuma mayar mini da wani ɓangare na kuɗin kayan ba tare da na roƙa ba, sai dai da a ce an rubuta tun farko da ba a kai ga haka ba.

An yi Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu, Hawan Daushe ya kama Asabar. Duk wanda ya san Kano ya san Afrilu tsakiyar bazara ce, lokacin da zafin rana yake kaiwa digiri 40. Hawan Daushe na yamma ne, Mai Martaba yakan fita daga Gidan Rumfa ya nufi Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar sarki, ya ratsa unguwannin birni, hakimai da tawagoginsu suna gaba, kafin a dawo Ƙofar Kudu inda ake jafi, wato gaisuwar da mahaya suke yi wa sarki da sukuwa. Amma mahaya da masu rakiya tun bayan azahar suke haɗuwa a ƙofar gidan hakiminsu, kuma mafi yawan wannan lokaci tsayuwa ce a rana ana jiran layi ya motsa. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 na ruwa a rana ta yau da kullum, a irin wannan zafi da kaya masu nauyi a jikinsa kuwa buƙatarsa tana ƙaruwa. A nan bargar ta yi abin a yaba. An yi yarjejeniya da 'yan garuwa biyu, kowanne da kurarsa cike da jarkoki, aka ajiye su a wurare biyu a kan hanya, mu kuma aka raba mana bokitai da soso. Aikina ni da wani matashi shi ne mu shayar da dawaki uku kaɗan-kaɗan, mu jiƙa musu wuya da ƙirji da tsakanin ƙafafu. Na ga dawakin wasu mutane suna haki hancinsu a buɗe, gumi ya bushe ya yi fari a jikinsu, babu wanda ya tanadar musu ko kofi ɗaya. Namu ba su shiga wannan hali ba, har Baba ya sa muka ba wani baƙon doki ragowar ruwanmu.

Abin takaicin shi ne an tanadar wa dawaki ruwa amma an manta da mutanen da suke riƙe da su. An ce mana za a kawo ruwan leda da abinci, buhu biyu kawai na ruwa suka zo, suka kuma ƙare kafin la'asar. Ni ina da kuɗi a aljihu na saya wa kaina da na kusa da ni, amma yawancin 'yan sa kai ɗalibai ne da masu koyon sana'a. Wani yaro daga cikinmu jiri ya ɗebe shi ya zauna a bakin kwata, sai 'yan agaji da ke wurin ne suka kai shi inuwa suka yi masa fifita har ya dawo hayyacinsa. Bargar ba ta da akwatin taimakon gaggawa ko na mutum ɗaya, ba auduga ba bandeji. Ɗan sa kai ba ya neman lada a hannun kowa, amma wanda ya ba da yininsa na Sallah kyauta domin dukiyar wani ta dawo lafiya ya cancanci ruwan sha da abin da zai sa a bakinsa.

Amfanin horon Baba ya bayyana a gabana a lokacin da 'yan bindiga suka saki harbi kusa da mu fiye da yadda muka zata. Bidin bai damu ba, amma wani kili da ke gefensa ya firgita ya buge shi da ƙugu, sirdin yaron ya ɗan karkace, na ji ya ce, "Baffa, riƙe shi!" Abin da zuciyata ta ba ni shi ne in finciki ragama da ƙarfi, sai na ji muryar Baba daga baya yana cewa, "Malam, sassauta masa, yi masa magana." Na sassauta, na dafa wuyan dokin ina kiran sunansa, wani ɗan sa kai ya ja kilin gefe, na uku kuma ya tura jama'a baya. Cikin ƙanƙanin lokaci komai ya lafa, muka fita daga layi muka ƙara ɗaure majayi muka koma. Kowannenmu ya san inda zai tsaya saboda an riga an gwada mana. Haka kuma dokar da Alhaji ya kafa, cewa mai haya ba ya sukuwa ba ya zamiya, ta yi ma'ana a gare ni a ranar, domin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma kofato a kan kwalta mai santsi, wadda ruwa da kashin dawaki suka jiƙa, ba ya samun abin kamawa. Da aka zo jafi mahayanmu gefe suka tsaya, aka bar wa hakimai da gwanayen mahayansu fili.

Akwai wani abu da ya dame ni fiye da batun jalala da na ruwa, shi ne yaran barga. Uku daga cikinsu ba su wuce shekara 12 ko 13 ba, kuma su aka ba riƙon ingarmu a cikin cunkoso, biyu da silifa, ɗaya kuma babu takalmi sam. An gargaɗe mu manya mu zo da takalmi rufaffe saboda doki yana iya taka mutum ya fasa masa yatsu, amma ba a saya wa waɗannan yara ba. Na yarda sun fi ni sanin doki nesa ba kusa ba, na kuma san cewa haka ake gadon wannan sana'a, yaro ya tashi a cikinta. Duk da haka ƙarfin ingarma ba ya duba gwanintar yaro, kuma kuɗin takalma uku bai kai na hayar jalala ɗaya ba. Haka nan babu hular kariya ko ɗaya a bargar. Na san babu mai sa hular ƙarfe a ƙarƙashin rawani ranar hawa, ban kuma ce a sauya al'ada ba, amma a lokacin kilisa, inda sabon mahayi ya fi fuskantar faɗuwa, babu abin da zai hana a ajiye huluna biyu ko uku irin waɗanda 'yan wasan folo suke sawa a filinsu na nan Kano.

Bayan magariba muka ja dawakin zuwa gida. Abin da na gani a nan ya sake tabbatar mini da cewa dabba tana da gata a wannan wuri. Ba a ɗaure kowane doki a turke ba sai da aka sauke masa kaya, aka zaga da shi a hankali har numfashinsa ya daidaita, aka wanke shi, aka duba bayansa da bakinsa da kofatansa ɗaya bayan ɗaya, sannan aka ba shi harawa, hatsi kuwa sai can cikin dare. Baba bai zauna ba sai da ya shafa ƙafafun dawakin duka 14 yana neman zafi ko kumburi. Mu kuwa da aka gama sai aka yi mana godiya da addu'a, kowa ya kama gabansa. Wasu daga cikin matasan daga wajen ganuwa suke, kuma samun Adaidaita Sahu a daren Sallah a tsakiyar birni aiki ne, kuɗin ma ya ninka. Ni na biya wa huɗu daga cikinsu.

Washegari, ranar Hawan Nasarawa, wata 'yar taƙaddama ta taso a gabana tsakanin wani mai haya da yaran Alhaji a kan kaimi da wani tuntun ado da suka ɓace a cikin taro. Mai hayar ya ce ba a faɗa masa shi zai biya ba, su kuma suka ce kowa ya san haka ake yi. Ni ma a lokacin na tuna cewa ban tambayi wa zai ɗauki asara ba idan doki ya karye ko ya mutu a hannun yaronmu, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Duk mai shirin haya ya yi wannan tambaya tun ranar ciniki, a gaban shaida, a kuma rubuta amsar.

Na koma bargar a Babbar Sallar 2024 domin ƙanen wancan yaro, na sake biyan kafin alƙalami, sai hukumomin tsaro suka dakatar da hawan a Kano ana saura 'yan kwanaki. Kafin in kira Alhaji shi ya kira ni, ya ce, "Malam, kuɗinka suna nan. In ka so ka karɓa, in ka so yaron ya cinye su a kilisa." Na zaɓi kilisa, yaron ya yi makonni yana koyon hawa a hannun Baba. Na san abin da wannan dakatarwa take nufi ga mai barga, domin doki yana cin dawa da harawa ko an yi hawa ko ba a yi ba, kuma kuɗin Sallah biyu da na hawan angwanci su ne suke ciyar da shi tsawon shekara. Haka ya faru a 2020 lokacin annobar korona. Mutumin da ya mayar da kuɗi a irin wannan hali ba tare da an bi shi ba ya cancanci a faɗi amanarsa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano a cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma da na ji labarin, irin su Baba da yaran nan uku ne suka fara faɗo mini a rai, domin hotunan da duniya take gani na mahaya ne, amma a kowane doki akwai wani a ƙasa riƙe da ragama.

Ga wanda zai hayar wa ɗansa ko ƙanensa doki karo na farko, ina ba da shawarar wannan barga da ire-irenta ba tare da shakka ba, muddin ya je da wuri, ya ga dokin babu kaya, ya ɗauki hoton kayan adon da aka yi ciniki a kansu, ya kuma sa a rubuta sharuɗɗa. Ga wanda yake son aikin sa kai domin ya koyi sha'anin doki, zai sami ilimin da ba a sayar da shi a ko'ina, amma ya tafi da ruwansa da abincinsa da kuɗin motarsa da takalmi rufaffe. Wanda kuma yake neman dokin da zai yi bajinta da shi a gaban jama'a, Alhaji ba zai ba shi ba.

Na faɗa wa Alhaji duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe baki da baki kafin in rubuta su, na ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. A ziyarata ta baya-bayan nan na tarar ya sayi babban littafi da ake rubuta sunan mai haya da dokinsa da kayansa, na kuma ga ƙaramin akwatin magani a rataye kusa da ƙofa. Bidin yana nan a turkensa, ya ƙara furfura a fuska. Hular kilisa ba a saya ba tukuna, kuma ƙaramin yaron nan da ya fito ya buɗe mini ƙofa har yanzu da silifa yake shiga tsakanin dawaki.